Yadda Muka Ƙona Ƙashin Layya Har Ya Yi Fari

Babbar 'yata tana da shekara bakwai manyan haƙoranta na gaba suka fito, kuma suka fito da tabonsu, kamar kwanon da aka sayo sabo da tsatsarsa. Da farko ɗigo-ɗigo ne fari kamar alli. Kafin shekara ta zagayo sun koma ruwan ƙasa, irin na tsohon da ya yi shekara sittin yana gadin rumbun goro. Uwarta ta ce alewa ce, kuma ni ne mai sayowa. Ni na ce gado ne, kuma in an bincika daga ɓangaren uwa ya biyo. Wannan magana ta jawo mini kwana uku ina cin tuwo ba man shanu.

Aka shiga dirza. An dirza da gawayi, an dirza da gishiri da lemun tsami, an dirza da aswaki har itacen ya ƙare a kasuwa. An sayo man goge baki kala-kala, har da wani da mai shago ya rantse in ka goge tayar mota da shi sai ta yi fari. Haƙora suka ce suna nan daram. Yarinya kuwa ta daina son hoto, ta daina amsa tambaya a aji, don 'yan ajinsu sun laƙaba mata sunan da ba zan maimaita shi a nan ba.

Daga ƙarshe na kai ta wurin likitan haƙori a cikin gari. Ya leƙa sau ɗaya, ya ajiye ƙarfensa.

"Wane ruwa kuke sha a gida?"

"Na bohol, likita. Garai-garai, ga sanyi kamar daga firij."

Ya ce to shi ne. Akwai wani sinadari a cikin duwatsun ƙasa da ake kira fulorayid. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano. Kaɗan daga cikinsa yana ƙara wa haƙori ƙarfi, amma in ya yi yawa a ruwan sha sai ya ɓata haƙorin yaro tun yana cikin dasashi bai fito ba. Tabon a cikin haƙorin yake, ba a bayansa ba, saboda haka ko da injin wankin mota muka dirza aikin banza ne. Na babbar sai ta girma a yi masa rufi.

"Akwai na ƙasa da ita?"

"Akwai auta. Ba ta cika shekara biyu ba."

"To nata manyan haƙoran yanzu ake gininsu a ciki. Da ruwan da take sha yau ake kwaɓa simintin."

Na dawo unguwarmu ta Lugbe, a gefen Abuja, da wannan magana a ƙirjina kamar na haɗiyi taɓarya. Ga auta tana yawo a tsakar gida da kofinta na roba, tana kurɓar ruwan nan kamar an ce za a ƙwace. Ruwan roba kuwa, duk wanda ya san albashin ma'aikacin tarayya ya san ba a dama kunu da shi, balle a tuƙa tuwo.

Bari in faɗi inda muke. Rukunin gidaje ne ashirin da 'yan kai, katanga ɗaya, get ɗaya, bohol ɗaya, tanki ɗaya a sama. Kusan dukanmu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne daga Arewa. In ka tara takardun digirin da ke cikin katangar nan za ka iya rufe filin jirgi da su. Shugabanmu wani Darakta ne a ma'aikatar da nake aiki, mutum mai tumbi da farar shadda, wanda ko atishawa zai yi sai ya fara da gabatarwa. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwa, ba don komai ba sai don ni kaɗai ne ban iya cewa a'a ba.

A ƙarshen layi, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu kusa da get, akwai wata mata 'yar Filato, Kirista, da kowa ke kira Madam. Ƙaramar ma'aikaciya ce a wani ɗakin gwajin ruwa na gwamnati. Haƙoranta jajaye ne, kuma mun shekara muna gulmar cewa taba take shaƙa a ɓoye. Matata ce ta ba ta labarin abin da likita ya ce wajen kitso. Da la'asar sai ga ta da ɗan akwati a hannu.

"Oga Sakatare, tun da na ga bakin yarinyarka na sani. Garinmu kowa haka haƙorinshi yake. Ni ban taɓa taba ba, ruwa ne ya yi mini."

Na ji kunya har tafin ƙafata ya yi gumi.

Ta ɗebi ruwan famfonmu a 'yar kwalba, ta ɗiga masa wani jan magani. Ta ce in ruwan lafiya yake, jan zai tsaya ja. In sinadarin ya yi yawa, jan zai koɗe. Muna tsaye muna kallo ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki shekara goma.

Na tambaye ta magani. Ta ce tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, don ruwa ne ke tashi ya bar shi a tukunya. Abin da ta sani mai sauƙi shi ne gawayin ƙashi. A samu ƙashin dabba, a dafa shi kitsen ya fita, a shanya, a ƙona shi a rufe ba iska, a daka, a tankaɗe, a wanke, sannan a bar ruwa ya bi ta cikinsa a hankali. Ƙashin da aka ƙona haka yana da ƙananan ƙofofi ba iyaka, shi kuma sinadarin yana son ƙashi kamar yadda ƙuda ke son mangwaro, sai ya maƙale a jiki, ruwa ya wuce shi kaɗai.

Da ina da hankali, da a ranar na nemi bokiti biyu na yi abina a kicin. Amma ni ma'aikacin gwamnati ne. Abin da ya fara zuwa kaina shi ne a kira mitin.

An yi mitin ranar Asabar a ƙarƙashin rumfar motar Darakta. An ɗauki awa guda ana gyara mintin zaman baya. Da aka zo kan ruwa, Darakta ya ce shi ya zaga duniya, kuma a ƙasashen da suka ci gaba inji ake sawa. Aka tambayi kuɗin injin, aka ji, kowa ya shiga duba wayarsa. Sai aka ba Madam minti biyar. Tana ambaton ƙashi wuri ya kaure.

Wani mai digiri biyu daga Ingila ya miƙe ya ce shi ba zai sha ruwan da ya bi ta kan ƙashin da bai san asalinsa ba. In mushe ne fa? In alade ne fa? Ya faɗi haka yana kallon Madam, ita kuma tana kallon takalminsa. Bai zauna ba ya ƙara da cewa kowa ya san ƙashi abincin aljanu ne, in muka ƙona musu abinci kada wanda ya zo yana kuka in yaransa suka fara magana da murya biyu. Mutumin nan da hannunsa yake rubuta tsare-tsaren ƙasa na shekara goma-goma. Allah Ya ji ƙan ƙasa.

Limamin masallacinmu ne ya cece mu, wani dattijo mai shiru-shiru. Ya ce maganar asali gaskiya ce, amma ga Babbar Sallah saura mako uku. Ai a unguwar nan mutum bakwai-bakwai muke haɗuwa mu yanka sa, ban da raguna. Dabbar da ka kama ƙafarta da hannunka aka yanka da sunan Allah, ina shakka a ƙashinta? A tara na layya.

"Aljanun fa, Malam?"

"Aljanin da ke zaune a Abuja, ga mahauta ko'ina, ga masu tsire a kowace kwana, in ya kwana da yunwa lalacinsa ne."

Aka yi dariya, aka amince. Nan take aka kafa kwamiti mai mutum tara. Darakta ne shugaba, ni sakatare. Madam ba ta ciki. Aka ce 'yar haya ce, ba mai gida ba, kuma matakin aikinta bai kai ta zauna teburi ɗaya da Darakta ba. Sai aka ba ta muƙamin mai ba kwamiti shawara, wato a tambaye ta in an ga dama.

Tara ƙashin layya a hannun Bahaushe ba ƙaramin jihadi ba ne. Mu mutane ne da in muka kama ƙashi sai ya yi nadamar zuwansa duniya. A tsotse ɓargo, a gwagwiyi guringuntsi, a tauna abin da ya taunu, abin da ya rage ko kare ya gani sai ya yi maka Allah Ya isa. Na bi gida-gida da buhu kamar mai karɓar zakka. Wani gidan su ce ba su gama da shi ba, in dawo jibi. Maƙwabtanmu Kiristoci da aka kai wa naman Sallah su ne suka fi kowa cika alkawari, suka dawo da ƙashin a wanke a ɗaure a leda. A ƙarshe manyan ƙasusuwan ƙafar shanu ne suka tsira, don su ba haƙorin da ya iya da su. Muka dafa su a tukunyar biki, muka shanya a kan rufin rumfa, ungulayen Lugbe kaf suka zo suka yi mana zaman makoki a kan katanga.

Ana saura kwana biyu a kai ƙashin wurin ƙonawa aka kira Madam daga gida, mahaifiyarta ba lafiya. Ta zo ƙofata da jakarta a kafaɗa ta miƙo mini takarda, ta rubuta komai dalla-dalla. Ta sa yatsa a kan layi ɗaya da ta ja wa layi biyu a ƙasa.

"Oga Sakatare, wannan shi ne babba. Launinshi ya zama kamar gashin zabo, toka-toka mai duhu. In bai ƙonu ba ruwa zai yi wari. In kuma ya yi fari, ya mutu. Wuta ya cinye ƙofofin. Kar ka bari ya yi fari."

"Madam, ki tafi hankalinki kwance. Ni ne nan."

Ni ne nan ɗin kuwa.

A ƙauyen Jiwa muka samu wani tsoho mai yin gawayi a bayan gonarsa. Na karanta masa takardar, ya ce wannan ai aikinsa ne na kullum, bambancin kawai yau itacen yana da ɓargo. Ya zuba ƙashin a durom ɗin ƙarfe, ya rufe, ya liƙe bakin da laka ya bar 'yar ƙofa, ya jera itace kewaye ya kunna. Washegari da hantsi muka koma, ya buɗe. Ƙashi ya fito toka-toka mai duhu, ba wari, in ka buga biyu sai su yi ƙara kamar tangaran. Na zaro takarda na duba, na dubi ƙashi. Ko zabuwa ta gani sai ta ɗauka danginta ne.

Sai ga jif ɗin Darakta ta keto gonar mutane. Ya zo duba aiki. Ya fito cikin shaddarsa yana ɗage ƙafa kamar zakara a cikin ruwa, ya leƙa durom ɗin, ya ja da baya.

"Mene ne wannan baƙin abu?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Ya ƙonu daidai."

"Wannan za mu zuba a ruwan sha? Na riga na sa an kawo ganga mai gilashi wadda ake ganin ciki. Na gayyaci manyan baƙi bikin buɗewa. Su zo su ga me? Bola?"

Tsohon ya ce, "Alhaji, haka ake so. Takardar ma haka ta ce."

"Baba, ƙara masa wuta. Buɗe murfin ya sha iska. Ina so ya fito fari tas, mai tsafta."

Tsohon ya dube shi daga hula har takalmi. "Alhaji, gawayi in ya yi fari ai toka ne."

"Kai ka san gawayi, ni na san tsari. Duk duniya abin tace ruwa fari ne. Ka taɓa ganin baƙin magani a asibiti?" Sai ya juyo gare ni. "Sakatare, ko ba haka ba?"

To ga inda zan faɗi gaskiya, don tsufa ya fara kama ni, kuma ƙarya tana son ƙwaƙwalwa mai kyau. Takardar Madam tana hannuna. Layin nan mai ja biyu yana ƙarƙashin babban yatsana. Amma fayil ɗin ƙarin girmana yana kan teburin mutumin nan wata na bakwai ke nan, yana jiran sa hannunsa. Na dubi durom, na dubi tumbi. Na naɗe takardar na sa a aljihu.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Farin zai fi fitowa a hoto."

Tsohon ya juya ga durom ɗin. Ya tofar da yawu gefe, ya cire murfi, ya ƙara itace, ya ɗauko faifai ya shiga fifita. Tofar da yawun nan har yau ina jin sa a fuskata, ko da yake a ƙasa ya sauka.

Ƙashi ya fito fari kamar haƙorin mai tallan man goge baki. Aka daka, aka zuba a gangar gilashi, aka haɗa mata famfo na musamman a gindin tanki, aka rubuta RUWAN SHA da jan fenti. Aka yi bikin buɗewa. Rumfa uku, kujerun haya, mai gabatarwa da lasifika, shinkafa dafa-duka a ƙananan robobi. Aka manna allon dutse a jikin ginshiƙi da sunayen 'yan kwamiti tara, nawa na biyu daga sama. Babban baƙo ya yanke ƙyalle, ya kurɓi ruwa, ya lumshe ido ya ce tun da yake bai taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba. Sinadarin da ba shi da ɗanɗano, shi ya ji fitarsa a harshe. Mai digiri biyu ya yi jawabin godiya, ya ce wannan abin koyi ne ga nahiyar Afirka baki ɗaya. Aka tafa. Ni na fi kowa tafi, har hannuna ya yi zafi.

Na dawo gida na ce wa matata an gama, daga yau famfon gindin tanki za a riƙa ɗebo wa yara. Ta ce alhamdulillahi. Ban gaya mata zancen launi ba. Na zauna na yi wa kaina fatawa: ƙashi dai ƙashi ne, wuta dai wuta ce, wataƙila Madam ta cika tsanani ne irin na ƙananan ma'aikata. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya buƙatar lauya. Kullum da safe ina ganin auta da kofinta, in kau da kai in ɗaura agogo.

Wata uku aka yi haka. Jinyar mahaifiyar Madam ta yi tsawo, daga baya Allah Ya ba ta sauƙi. Ranar da ta dawo ko gida ba ta shiga ba, ta tsaya gaban gangar gilashi da jakarta. Ina hango ta daga taga. Na yi niyyar shiga banɗaki in zauna har Magariba, amma matata ta riga ta buɗe mata ƙofa.

Ta sa aka ɗauko mata akwatinta daga gida. Kwalba biyu ta jera a kan teburinmu, ɗaya ruwan bohol tsura, ɗaya na famfon biki. Ta ɗiga jan maganin a kowacce. Suka koɗe tare, kamar tagwaye.

"Oga Sakatare, takardan da na ba ka fa?"

"Tana nan."

"Ka karanta shi?"

"Har na haddace."

"To?"

Ban taɓa sanin kalma mai harafi biyu tana da nauyin buhun siminti ba sai ranar. Na fara bayani a kan yadda al'amuran kwamiti suke da sarƙaƙiya. Matata ta katse ni. Ita ba ta ɗaga murya, wannan ne abin tsoron.

"Malam, kana wurin aka ƙona?"

"Ina wurin."

"Ka san fari ba ya aiki?"

"An dai faɗa."

"Wata uku ina ɗebo wa yarinyar nan ruwa da hannuna, ina bisimilla ina ba ta. Kai kuma kana ɗaura agogo." Ta ɗauki auta ta saɓa a kafaɗa. "Allah Ya sa ƙarin girman ya zo da haƙoran roba, ka ba ta."

Ƙarin girman ma bai zo ba. Darakta ya yi ritaya bayan shekara guda, aka samu fayil ɗina a ƙarƙashin fulas ɗin shayinsa, da zoben tabo a bangon.

Amma kafin nan an kira mitin na gaggawa. Madam ta maimaita gwajin a gaban kowa. Darakta ya ɗaga kwalbar sama ya duba ta a rana kamar mai sayen zuma, ya ce a ganinsa maganin gwajin ne ya lalace, don an san yadda kayan gwamnati suke. Mai digiri biyu ya ce tun da aka sa gangar ciwon bayansa ya ragu. Wani ya ce a yi hattara, in magana ta fita waje darajar gidajen unguwar za ta faɗi. Aka yanke shawarar kafa ƙaramin kwamiti ya binciki binciken, ya kawo rahoto cikin mako shida. Ni na rubuta mintin. Ƙaramin kwamitin nan yau shekarunsa sun isa shiga firamare, bai zauna ba ko sau ɗaya. Gangar tana nan a gindin tanki, fara tas, gansakuka ta fara yi mata gemu.

Asabar ta gaba na tashi mota sai kasuwar Karmo. Madam ta ce in nemi masu sayar da kan sa da ƙafa a bayan kasuwa. Na ratsa lunguna da kwatoci har na same su, Hausawa ne 'yan uwana, kowa da wuƙarsa da tasbaharsa. Na ce ƙashin ƙafar sa nake so, buhu biyu.

Babbansu ya dubi rigata mai guga. "Alhaji, kare kake kiwo?"

"A'a."

"To siyasa za ka shiga?"

"Ruwa zan tace."

Ya juya ga 'yan uwansa. "Kun ji, ruwa zai tace. Ku cika masa, Allah Ya ba shi lafiya."

Na zuba a but ɗin mota na kamo hanya. Ƙudajen Karmo suka yi mini rakiya a jere har titin filin jirgi, wasu ma ina jin a Lugbe suka kama haya. Ɗan sanda ya tsayar da ni ya ce in buɗe but. Na buɗe. Ya ƙame ya sara mini ya ce in wuce, in kuma yi haƙuri.

Na dafa, na shanya, na kai Jiwa. Tsohon yana ganina ya leƙa bayana.

"Ina mai tsarin?"

"Ni kaɗai ne, Baba."

"Fari ko na gaskiya?"

"Na gaskiya."

Matata ta ba ni aron turminta bisa sharaɗin in sayo mata sabo, ta kuma tsaya a kaina ina daka, ba ta karɓe ni ko sau ɗaya ba. Mataimakin babban jami'i guda, da singileti, yana kirɓa ƙashin sa a tsakar gida. Na tankaɗe da rariya, na zubar da garin, na wanke tsakin har ruwan ya daina baƙi. Bokiti biyu na ɗora ɗaya kan ɗaya, na huda gindin na sama, na shimfiɗa farin ƙyalle da yashi, na zuba gawayin. Abin ba shi da kyan gani ko kaɗan. In ka gan shi a lungun kicin sai ka ce kayan mai gyaran batir ne. Ruwa yana ɗiga ɗis, ɗis, kamar ana biyansa ya yi jinkiri.

Madam ta zo da akwatinta. Ta ɗiga maganin. Ja ya tsaya ja. Muka ba shi minti biyar ko zai canza shawara, ya ƙi. Matata ta ɗauki kofin auta ta cika, ranar kuma man shanu ya dawo cikin miya.

Gawayin yana ƙoshi, in ji Madam, in ƙofofinsa suka cika sai ya daina kamawa. Saboda haka duk wata tana zuwa ta gwada, ranar da ja ya fara koɗewa kuma sai in kama hanyar Karmo. Shekara biyar ina wannan safara. Mahautan suka sa mini suna Alhaji Mai Ruwa. Matan unguwa kuwa suka gano hanyar kicin ɗinmu, suna zuwa da galan da hantsi in mazan sun tafi ofis. Har matar Darakta, wai jikanta ne ya zo hutu. Mazan a masallaci ba wanda ya taɓa tayar mini da zancen. Ni ma ban tayar ba. Mun san juna.

Auta tana shekara bakwai haƙorinta na sama ya fara girgiɗi, ya faɗi a cikin dafaffiyar masara. Ta yi mako tana ɓoye giɓin kada ƙadangare ya gani ya hana sabo fitowa. Ni kuwa kullum kafin ta tafi makaranta sai na tsugunna na haska dasashin da fitilar waya, har ta fara cewa, "Baba, ni ba mota ba ce." Kan haƙori ya ɓullo, ya ƙara fitowa, ɗan'uwansa ya biyo shi. Farare ne. Ba ja, ba ruwan ƙasa. Sai dai a kusa da bakin kowanne akwai ɗan ɗigo fari fat kamar ƙwayar gero, wanda in ba ka sa fitila ka kuma san abin da kake nema ba, ba za ka gan shi ba. Ni na san abin da nake nema.

Na kai ta wurin Madam. Ta sa tabarau, ta ɗaga haɓar yarinyar, ta duba sosai.

"Ya yi kyau, Oga. Wannan ba zai yi ja ba. Amma kar ka daina, na ciki suna nan suna zuwa."

Na aiki auta ta je ta gaida yaran gidan. Da ta fita na rage murya.

"Madam, ɗigon nan. Na tun kafin mu sani ne, ko na wata ukun nan ne?"

Na so ƙwarai ta ce na tun kafin mu sani ne. Na ma shirya fuskar da zan yi in ta faɗa. Ta cire tabarau ta naɗe, ta sa a cikin gidansa.

"Ban sani ba, Oga Sakatare. Haƙori ba ya rubuta kwanan wata."